Daga Kano Zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Gaskiya?

Darasinmu na wannan makon a kan jirgin sama ne, amma kada masu gudun lissafi su yi murna, domin lissafin ne ya biyo ku a cikin jirgi. Idan an buga ƙararrawa ba ku gama karantawa ba, ku dawo lokacin tara ku ƙarasa.

Tambayarmu ita ce: idan alhaji ya tashi daga Kano, awa nawa zai yi a sama kafin ya sauka a Jidda? Ku tambayi mutum uku a Basawa, za ku iya samun amsa uku. Wani zai ce awa shida da rabi, wani ya ce huɗu da wani abu, wani kuma ya rantse cewa da kakarsa za ta dawo awa uku kacal aka rubuta a tikitinta. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa abin da ya gani a takarda ya faɗa. Abin da ya rikita su shi ne abu uku ne suka cakuɗe wuri ɗaya, wato nisa da gudu da agogo. Za mu ware su mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gane zai amfana a jarrabawar kammala aji uku, kuma zai amfana ranar da gidansu za su je taryar alhaji.

Filin da za mu tashi shi ne Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Shi ne mafi daɗewa a Najeriya. A 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano, na sojojin Ingila ne da suka taso daga Masar, kuma sai da suka yi kwanaki a hanya suna yada zango. A 1936 aka fara jigilar fasinja a can. Inda za mu sauka kuma shi ne Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wanda aka buɗe a 1981. Yana da ɓangare na musamman domin alhazai, mai rufi fari kamar tantuna, wanda kuke gani a hotunan da alhazai ke dawowa da su. Mun san maniyyatan Zariya yawanci daga filin jirgin Kaduna suke tashi, kuma da yawa yanzu Madina ake fara kai su. Mun zaɓi Kano da Jidda ne saboda lambobinsu sun fi sauƙin rabawa. Kaduna tana jiran ku a ƙarshen darasi.

To, yaya ake auna nisa a sama, inda babu kwalta kuma babu allon da aka rubuta kilomita?

Mu da zare muka auna. Mun aro ƙwallon taswirar duniya daga ɗakin malamai, muka naɗa masa zare a tsakiya, a kan layin ikweta, sannan muka miƙe zaren a kan rula. Ya ba mu santimita 94. Zagayen duniya ta gaske kimanin kilomita 40,000 ne, saboda haka santimita 94 ɗin nan yana tsaye ne a madadin kilomita 40,000. Daga nan mutum ɗaya ya danne bakin zaren a kan Kano, wani ya ja shi sosai zuwa Jidda, muka sa alama da biro. Santimita 8 muka samu. Lissafin shi ne 8 ÷ 94 × 40,000, amsar kuma 3,404. Nisan da ake bayarwa tsakanin filayen biyu kimanin kilomita 3,400 ne da ɗan ɗoriya. Kun ga zaren ɗinki da rula sun kai mu kusa ƙwarai.

Dalilin da ya sa ba mu ɗora rula a kan taswirar bango ba shi ne duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Ku ɓare lemo ku gwada shimfiɗa ɓawonsa a kan tebur, sai ya yage ko ya miƙe. Haka taswirar bango take, an ja wasu wurare an faɗaɗa su kafin su kwanta a takarda. Zaren da aka ja ya yi tauri a jikin ƙwallo shi ne yake nuna hanya mafi gajarta.

Mun bi zaren mun ga inda ya ratsa. Daga Kano ya bi ta saman Jigawa da Yobe, ya gutsuri kusurwar Nijar ta wajen Tafkin Chadi, ya ratsa Chadi, ya ratsa Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, sai Jidda. Ku riƙe sunan Sudan, za mu dawo gare shi. Wani abu da ya ba mu sha'awa shi ne zaren bai nufi gabas sak ba, ya karkata arewa. Kusan nan ne alƙiblarmu, domin Makka ba ta da nisa daga Jidda. Mu kan ce mun kalli gabas idan za mu yi salla, alhali gabas maso arewa ne.

Idan kilomita 3,400 bai shiga kanku ba, ku tuna daga Zariya zuwa Kano a mota kimanin kilomita 150 ne. A jera irin wannan tafiyar sau ashirin da biyu, har yanzu da saura kaɗan.

Akwai tarko a nan ga masu dubawa a wayar yayansu. Za ku iya ganin 3,400, ko 2,100, ko 1,840, ku zaci wani ya yi kuskure. Duk nisa ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne, kuma mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Na uku mil ɗin teku ne, wanda matuƙan jirgin sama da na ruwa suke aiki da shi, shi kuma kilomita 1.852 ne. Kamar a ce an auna buhun masara da mudu, an sake auna shi da tiya. Adadin zai sauya, masarar tana nan yadda take. A jarrabawa ku fara duba ma'aunin kafin ku taɓa lambar.

Yanzu gudu. Ƙa'idar ita ce wadda Malam ya sha rubuta mana a allo: lokaci = nisa ÷ gudu. Manyan jiragen fasinja idan sun daidaita a sama, wajen kilomita 10 zuwa 11 daga ƙasa, suna gudun kimanin kilomita 850 zuwa 900 a awa ɗaya. Mu ɗauki 850. Idan aka raba 3,400 da 850 za a samu 4 cif. Awa huɗu ke nan.

Ba kowane jirgi ne ke wannan gudun ba. Mu 'yan Basawa da Samaru mun saba da ƙananan jiragen nan masu farfela da ke shawagi a kanmu, har wani lokaci sai malami ya ɗan dakata ƙararsu ta wuce. Na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya ne, wadda aka kafa a 1964. Irin waɗannan jiragen koyo gudunsu bai fi kilomita 200 zuwa 250 a awa ba. Da za a ce ɗaya ya tafi Jidda da gudun 200, awa 17 zai yi, kuma mansa zai ƙare tun bai yi rabin hanya ba.

Sai dai awa huɗun da muka samu ba ita ce amsar ƙarshe ba, domin jirgi ba ya fara gudun 850 daga bakin ƙofa. Zai gangara a hankali zuwa titin tashi, ya jira izini daga hasumiya, ya tashi, ya yi ta hawa na wasu mintoci kafin ya daidaita. Idan ya kusa sauka zai rage gudu tun daga nesa. Lokacin aikin Hajji jirage daga ƙasashe da yawa suna tururuwa zuwa Jidda, saboda haka wani sai ya yi zagaye a sama kafin layi ya zo kansa. Shi ya sa ake ƙara kamar rabin awa a kan lissafin. Idan hanya a miƙe take, awa huɗu da rabi amsa ce mai kyau.

Sannan ga iska. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke da safe a lokacin hunturu ya san bambancin iskar da ke tura mutum ta baya da wadda ke dukan ƙirjinsa. A can sama iskar ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma inda take fuskanta yana sauyawa da lokacin shekara. A ce iska mai gudun kilomita 50 a awa tana tura jirginmu ta baya. Gudunsa ya zama 900, lokacin kuma 3,400 ÷ 900 = 3.78. A ce kuma ta gaba take dukansa. Gudunsa ya koma 800, lokacin kuma 3,400 ÷ 800 = 4.25.

Ku tsaya a nan, domin wannan wurin ya cinye makin ɗalibai da yawa. 4.25 ba awa huɗu da minti ashirin da biyar ba ne. Awa ba ta da minti ɗari, sittin take da shi. Abin da ya biyo bayan ɗigo sai an ninka shi sau 60. Wato 0.25 × 60 = 15, saboda haka awa 4 da minti 15 ne. Haka 0.78 × 60 ya ba mu kusan 47, wato awa 3 da minti 47. Jirgi ɗaya, hanya ɗaya, amma iska kawai ta kawo bambancin kusan rabin awa. Idan kun manta komai a wannan shafin, don Allah kada ku manta da sau 60 ɗin nan.

Mu koma Sudan. Jirgi ba tsuntsu ba ne da zai ratsa duk inda ya ga dama. Kowace ƙasa ita ke da iko da samanta, kuma akwai hanyoyin da aka tsara wa jirage. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta, ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazan shekarar. Ku sake duba zaren, za ku ga babban yanki nasa a kan Sudan yake. Dole jiragen suka riƙa kewayewa, tafiyar ta ƙara tsawo, man da ake sha ya ƙaru, har kamfanonin jiragen suka nemi Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ƙara musu kuɗi. Kano ba ta matsa ba, Jidda ma ba ta matsa ba, amma alhazai sun ƙara awoyi a zaune. Ga misali namu na lissafi: a ce kewayen ya ƙara kilomita 1,700, to 1,700 ÷ 850 awa biyu ne. Saboda haka idan kuka ji wanda ya je Hajji shekaru goma da suka wuce yana musu da wanda ya je a 2023 a kan tsawon tafiyar, ku yi shiru da ladabi, ta yiwu dukansu suna da gaskiya.

Masu zuwa Umara ko kasuwanci kuma sau da yawa ba jirgin kai tsaye suke hawa ba. Wasu ta Alƙahira suke bi, wasu ta Adis Ababa. Daga Kano zuwa Alƙahira kimanin kilomita 3,100 ne, daga can zuwa Jidda kimanin 1,200, jimla 4,300. Ban da wannan ga zaman jiran jirgi na biyu, wanda wani lokaci ya fi tafiyar kanta tsawo.

Yanzu mun zo kan agogo, kuma shi ne ainihin abin da ya sa muka rubuta wannan darasin.

Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, tana cika digiri 360 a awa 24. Idan aka raba, digiri 15 ne a kowace awa, ko minti 4 a kowane digiri. Shi ya sa rana take riga fitowa a garuruwan da ke gabas da mu. Ku duba layukan nan da suka sauko daga saman ƙwallon taswira zuwa ƙasansa, waɗanda ake kira lonjitud. Kano tana wajen digiri 8 da rabi gabas, Jidda tana wajen digiri 39. Tsakaninsu digiri 30 da rabi, a ninka sau 4, minti 122 ke nan. Awa biyu da 'yan mintoci. Agogon ƙasashen ma haka ya nuna. Idan kuna jin rediyo da yamma tare da Baba, kun saba jin ana cewa ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar. Najeriya tana gaban GMT da awa ɗaya, Saudiyya tana gabansa da awa uku. Saboda haka Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, rani da damina.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tikitin jirgi yana rubuta kowane lokaci da agogon garin da abin zai faru. Lokacin tashi da agogon garin tashi, lokacin sauka da agogon garin sauka. A ce jirgi ya tashi daga Kano ƙarfe 10:00 na dare, ya yi awa huɗu da rabi. Agogon hannun alhaji, idan bai gyara shi ba, zai nuna 2:30 na dare. Agogon bangon filin jirgin Jidda kuwa 4:30 na asuba zai nuna, kuma shi ne za a rubuta a tikiti. Mai kallon takarda zai ƙirga daga 10:00 zuwa 4:30 ya ce awa shida da rabi. Ga mutuminmu na farko. Awa biyu daga ciki ba a yi su a sama ba, agogo ne ya tsallake su.

A dawowa abin juyawa yake yi. A ce jirgi ya bar Jidda ƙarfe 10:00 na safe, iska ta tare shi ya yi awa biyar. A agogon Jidda ƙarfe 3:00 na rana zai sauka, amma a Kano ƙarfe 1:00 ne. Tikiti zai nuna 10:00 zuwa 1:00, jikan Hajiya ya ce awa uku. Ga mutuminmu na uku, mai rantsuwa. Hajiyar kuwa ita ta san awa biyar ta yi, ƙafafunta ma sun shaida.

Hanyar da ba a ɓata ita ce a mayar da lokutan biyu kan agogo ɗaya kafin a ɗebe. Idan an ba ku lokacin Saudiyya, ku cire awa biyu ya zama na Najeriya. Idan na Najeriya kuke so ku mayar na can, ku ƙara biyu.

Ga inda abin yake shafar gida. Kaka ta bugo waya daga Jidda ta ce, “Jikalle, ka faɗa wa babanka ƙarfe goma za mu tashi.” Goman nan na can ne. A nan ƙarfe takwas ne. Idan mutanen gida suka ɗauka goman Najeriya ne, suka ƙara awa biyar, za su isa filin jirgi ƙarfe uku, alhali tsohuwa ta sauka tun ƙarfe ɗaya tana zaune a kan jakarta da jarkar zamzam tana duba hanya. Ku da kuka karanta wannan, aikinku ne ku tambaya: “Kaka, goman can ko goman nan?” Haka idan kuna son kiran wanda ke can. Ƙarfe tara na dare a Basawa, ƙarfe sha ɗaya ne a Makka, mutum ya wuni yana ɗawafi ya kwanta.

Masu zuwa Umarar azumi ma suna jin wannan awa biyun a jikinsu. Wanda ya yi sahur a Jidda ya taso yamma da rana, sai ya ga rana ta ƙi faɗuwa, domin bin ta yake yi. Wuninsa ya ƙaru da kusan awa biyu. Mai tafiya gabas kuma nasa wunin raguwa yake yi.

Duk wannan lissafin na cikin jirgi ne kawai. Idan aka ƙirga daga ƙofar gida, labarin ya fi haka tsawo. Maniyyaci zai bar Basawa ya tafi sansanin alhazai na Mando a Kaduna, ya jira a kira sawunsu, a auna kaya, a duba fasfo da biza. Ko a tafiyar da ba ta Hajji ba, mai fita ƙasar waje ana so ya isa filin jirgi kamar awa uku kafin tashi. A lokacin hunturu kuma hazo yana iya hana jirgi tashi ko sauka a Kano da Kaduna. Sau da yawa zaman ƙasa ya fi zaman sama tsawo.

Duk da haka, da muka gwada lissafin da ƙafa sai jikinmu ya yi sanyi. Mutumin da ke tafiyar kilomita 25 kullum ba fashi, kwana 136 zai yi kafin ya cinye kilomita 3,400, wato wata huɗu da rabi, kuma wannan a kan zare ne, inda babu dutse babu kogi. Kakannin kakanninmu ta Barno suke bi, su shiga Chadi, su ratsa Sudan, su tsallake Bahar Maliya a jirgin ruwa. Suna tsayawa a hanya su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, saboda haka da yawa shekaru suke yi. Wasu ba su dawo ba, sun zauna a can. Har yau akwai Hausawa da Fulani masu yawa a Sudan, har da garin Mai Wurno, wanda ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da ya yi gabas da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Jirgin da ke gudun 850 yana cinye tafiyar wuni guda ta mai ƙafa a ƙasa da minti biyu. Ku gwada da kanku: 25 ÷ 850 × 60.

Ga aikinku. Daga filin jirgin Kaduna zuwa Jidda kimanin kilomita 3,600 ne. Jirgi ya tashi ƙarfe 11:30 na dare da gudun kilomita 900 a awa, a ƙara masa minti 30 na tashi da sauka. Ƙarfe nawa agogon Jidda zai nuna idan ya sauka? Na biyu, tikiti ya nuna jirgi zai bar Jidda ƙarfe 2:00 na rana ya sauka Kano ƙarfe 4:45 na yamma. Awa nawa da minti nawa fasinjojin za su yi a ciki?

Ku rubuta amsa a takarda da sunanku da ajinku, ku nuna yadda kuka yi lissafin, ku jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin a tashi ranar Alhamis. Amsar da babu lissafi a ƙarƙashinta ba za mu duba ta ba. Kuma don Allah kada a rubuta amsa a jikin wannan takardar, 'yan aji ɗaya ba su karanta ba tukuna.